Fistin Kamar Kofin Shayi

Ranar da Tanimu ya buɗe mata kai
a gindin dalbejiya, bayan kasuwar Tudun Wada,
na leƙa ciki na ce, "Shi ke nan?"
Ya ce, "Shi ke nan, Malam. Doki ka zata?"
Fistin bai kai kofin shayi ba.
Zobba uku, sirara kamar warwaron jaririya,
bawul biyu, ɗaya ya shaƙa, ɗaya ya furzar.
Wai wannan ɗan abin ne ya ɗauke ni
shekara goma sha tara, ni da buhunan iri,
daga Tudun Jukun zuwa Samaru, in dawo.

'Yar roba-robata ba ta da kuloci a hannu,
da ƙafa muke magana.
Giya ta ɗaya ta nishi ce da ɗaukar kaya,
ta biyu ta lunguna ce, inda awaki ke da iko,
ta uku kuwa, in mun wuce Kwangila,
hanya ta miƙe, in murɗa totur,
sai ta kama waƙar sauro, siririya, ba yankewa.
Allura ta taɓa sittin, ta tsaya nan.
Na taɓa matsa mata ta kai saba'in,
madubi ya ɗau rawa, haƙorana suka amsa,
na ba ta haƙuri, ban sake ba.

Tankinta lita huɗu ne, har da ɗan saura.
In cika shi ran Litinin,
ran Juma'a in girgiza, in ji caɓal-caɓal.
Lokacin da layin mai ya kai gadar jirgi
na wuce masu manyan motoci suna fifita da jarida,
ban yi dariya ba, Allah ya sani,
na dai ɗan danna oda.

Tana da halinta.
Safiyar marka sai na ja cok,
na taka kik sau uku, na huɗu ta yi tari ta tashi.
Kafireta ba ta son ƙazamin mai,
sarƙa in ta saki sai ta riƙa tsegumi a bayana,
birkin gaba kuwa shawara yake bayarwa,
na baya ne mai yanke hukunci.
Hawan Kufena da buhu biyu
sai na sauka, mu taka tare.

Amma ka tambayi mutanen Hayin Dogo
shekarar da Kubanni ta cika ta haye hanya.
Motar ofis ta nutse har gindi a taɓo,
direba na ta zagin taya.
Ni da wani yaro, Barau, mai kiwon agwagi,
ya kama kariya, na kama ƙaho,
muka ɗaga ta sama kamar tunkiyar layya,
ruwa iya cinya, muka haye.
Na kwance fulogi, na goge da bakin riga, na hura,
taka ɗaya, ta amsa.
Irin masara ya isa hannun manoma kafin azahar.
Guntun gatarinka, in ji mutanen da.

Yanzu ga ta a kwance, an zube cikinta a faranti,
salansa na hayaƙi tun watan jiya.
Tanimu ya zura yatsa cikin silinda, ya juya,
ya ce, "An gure ta har sau uku,
wannan ne na ƙarshe, babu sauran nama."
Na ce, "Gure ta."
Ya ce, "Kuɗin ya kusa rabin wata sabuwa."
Na ce, "Ni ma likitan Shika haka ya faɗa mini,
ga ni kuwa, da ƙafata na zo."

Ya yi dariya, ya miƙa wa yaronsa sifana mai lamba goma.
Na zauna kan benci, na riƙe fistin a tafin hannu.
Da sauran ɗuminsa.